Mikisar Yaya da Ƙwaryar Inna

Ni matsoraciyar wutar lantarki ce, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Har yau idan zan jona dutsen guga sai na sa takalmin roba, na yi bisimilla, na miƙa hannu daga nesa, 'ya'yana suna ta yi mini dariya. Su yi ta yi. Ba sa nan lokacin da jiharmu take sabuwa, ana ta gina ofisoshi a Birnin Kebbi, ni kuma ina karatu a kwalejin fasaha, ina zaune gidan yayana a unguwar Nasarawa.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne da safe, da yamma kuma mai fiyano. Shi da abokansa suna da 'yar ƙungiyar kiɗa, suna yi wa makarantu da masu biki waƙa. Duk lokacin da za su ɗauki waƙa sai sun je Sakkwato, su yi layi, a wulaƙanta su, su dawo da kaset mai shuu kamar ana tankaɗe. Da wani ofis ya yi gwanjon tsofaffin kwamfutoci sai ya sayi ɗaya, ya kafa ta a ɗakin baƙi, ya ce ya gama da hanyar Sakkwato. Abu biyu suka rage masa. Na farko mikisa, wato akwatin da ake cusa wa wayoyin makirufo ta haɗa muryoyi wuri ɗaya. Na biyu katin sauti, wani ɗan allo da ake sokawa a cikin kwamfuta don ta ji abin da mikisar ta haɗa.

Da don abokansa ne kawai, da ya bi a hankali. Inna ce ta sa shi gaggawa. Ƙanwar mahaifiyarmu ce, ita ta riƙe mu bayan rasuwarta, tana aure a Argungu. Zabiya ce, uwar masu kiɗan ƙwarya, wadda idan babu ita a gidan biki mata kan ce bikin bai yi ba. A shekarar ta sami kujerar Makka, ta kuma yi alkawari a gaban kowa cewa idan ta dawo ba za ta ƙara taɓa ƙwarya ba. Wanda ya san Inna ya san ba ta magana biyu. Ba a taɓa ɗaukar muryarta ba ko a kaset, kuma tafiyar ta matso.

Ranar wata Asabar Yaya ya goya ni a babur muka tafi kasuwa wurin wani mai kawo kayan Kwatano. Ya tafi da ni ne don in riƙe kaya a baya, ba don shawarata ba. Shagon matsattse ne, rediyoyi da lasifikoki har rufi, ga warin ƙura da tsohuwar roba. Mai shagon ya sauko da mikisa biyu ya ajiye a kan benci.

"Wagga ƙarama sabuwa ta, cikin kwalinta," in ji shi. "Rami huɗu gare ta. Wagga kau rami goma sha biyu, daga ƙasar Turawa tah hito. Ta sha aiki, amma ƙarhe ta."

Ƙaramar jikinta roba ne, da 'yar wayarta siririya kamar ta rediyo. Ina ganinta na ji ta kwanta mini. Babbar kuwa baƙa ce, duk jikinta ƙarfe, an kankare rubutun wasu maɓallan, kuma da ƙyar mai shagon ya ɗaga ta. Yaya ya shiga lissafa matan Inna da yatsu: ita kanta, masu ƙwarya, 'yan amshi. Rami huɗu ba zai ɗauke su ba. Na ce a haɗa 'yan amshi a makirufo ɗaya mana. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya sa baki a zancen manya.

Katin sauti ma iri biyu ne. Akwai mai ƙofa huɗu, wanda yake ajiye kowace murya daban, idan an gama a zauna a gyara a tsanake. Wannan ko taya shi ba mu yi ba. Akwai mai ƙofa ɗaya, wanda abin da mikisa ta ba shi kawai yake haɗiyewa, daɗi ko rashinsa. Shi muka iya. Mai shagon ya ce tunda kati mai ƙofa ɗaya ne, dole mikisar ta zama mai ramuka da yawa, don a wurinta ake gama komai. Yaya ya ji abin da yake son ji. Akwai kuma wani akwatin batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ya daɗe yana shafa shi, daga baya ya mayar da shi kan kanta ya ce sai wani wata.

Aka jona babbar don a gwada. Fitilunta suka kama, ja da kore, Yaya ya yi magana a makirufo muryarsa ta cika kasuwa. Ni kuma, da karambanin mace, na ga ƙura a gefenta na sa hannu zan share. Wani abu ya bi ta yatsuna ya wuce har gwiwar hannu, kamar an tsikare ni da allurai a lokaci ɗaya. Na yi ƙara na ja da baya har na ture wata rediyo.

"Gaishe ki takai," in ji mai shagon, yana dariya. "Duk ta Turawa haka suke in sun ga baƙo."

Na dubi fulogin. Ƙafa biyu gare shi, ta ukun an yanke ta da zarto don ya shiga irin soket ɗinmu. Ko ni da nake karatun akawu na san ƙafar nan ba ado ba ce, ita ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Na faɗa. Mai shagon ya ce wannan ba komai ba ne: a samu rodi a kafa a ƙasa mai danshi, a ɗaura waya daga jikin mikisar zuwa rodin, shi ke nan ta daina ja. Haka muka ɗauko ta. Na rungume ta a bayan babur har Nasarawa, ko a kashe take ina jin kamar za ta motsa.

Gaskiya a gida dabarar ta yi aiki. Yaya ya kafa rodin a bakin makwararar wurin wanke-wanke, inda ƙasa ba ta bushewa, mikisar ta yi ladabi. Ya kama hannuna da ƙarfi ya ɗora a kanta, ban ji komai ba. Ya yi kwanaki yana ce mini sarauniyar matsorata, ni kuma na ƙyale shi, don na fi kowa son a ce tsorona na banza ne.

Sai saƙo ya zo daga Argungu. Baba, mijin Inna, ya yarda a zo gida a ɗauki waƙar, mazan sauran matan ma sun yarda, amma da sharaɗi. Matan aure ne, ba namijin da zai shiga cikin gida ya zauna a kansu, ko da ɗan gida ne. Yaya zai zauna a zaure da injinansa. Wayoyi su bi ta kan katanga. Kuma rana ɗaya ce, daga azahar zuwa la'asar. Sai a lokacin na gane amfanina: ni ce zan tsaya a ciki da makirufo.

Bazara ce, irin zafin Argungu da ke sa kwalta ta yi laushi. Muka ɗauki shatar mota muka isa da hantsi. Gidan Inna soket ɗaya ne mai aiki, a ɗakin Baba, can cikin gida kusa da rumfar da mata za su zauna. Daga nan muka ja doguwar waya zuwa zaure, ta ɗauki kwamfuta da mikisa. Wayoyin makirufo kuma suka dawo ta kan katanga zuwa rumfa.

Yaya ya fito da rodinsa zai kafa a ƙofar zaure. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, ya buga, ya buga, rodin ya lanƙwashe, bai shiga fiye da tafin hannu ba. Ya kawo buta ya tuttula ruwa a gindinsa. Kafin ya ajiye butar ƙasa ta shanye, ko alamar danshi babu. Ya ɗaura wayarsa haka nan ya koma ciki.

Na shiga rumfa na taɓa makirufon Inna da bayan hannu. Ya ja ni. Ba kamar na kasuwa ba, kaɗan ne, amma ya ja. Na koma zaure da gudu.

"Yaya, shina ja hwa."

"Ke dai tsoronki na."

"Wallahi shina ja. Taho ka taɓa na hannunka."

Ya taɓa makirufon da ke gabansa, yana sanye da takalmi, yana zaune a kan kujerar katako. Ya ce bai ji komai ba, kuma na yarda bai ji ba. Na roƙe shi mu ɗaga zuwa gobe a nemo wurin danshi. Ya ce gobe Baba zai tafi Augie duba gonar albasa, kuma wa zai sake tara mazan mutane ya nemi izini? Ya yanko mini tsohon tub ɗin babur ya ce in naɗe jikin kowane makirufo, roba ba ta ɗaukar wuta. Idonsa ya yi ja saboda rashin barci da ɗoki. Ban taɓa ganin yana son wani abu kamar yadda yake son wannan ranar ba, shi ya sa na karɓi robar na koma rumfa.

Ba mu da sandunan kafa makirufo, sai na tsayar da taɓare a cikin turame na ɗaure su a jiki. Na naɗe kowanne da roba har wuya, sai ragar bakin kawai na bari, don idan na rufe ta murya ba za ta shiga ba. Ina cikin haka na juya na ga abin da ya fi wannan muni. Matan gidan sun yayyafa wa ƙasar rumfar ruwa don a ji sanyi, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo a bazara. Ba yayyafi kaɗan ba, sun jiƙe ta sosai saboda girmamawa. Suka shimfiɗa tabarmi a kai. Ga shi kuma kiɗan ƙwarya ba ya yiwuwa sai da ruwa: ana cika daro, a kifa ƙwarya a kan ruwan, a riƙa bugunta da 'yan sanduna, ita ke ba da amon nan mai zurfi da ake ji a ƙirji. Daron ƙarfe ne, an ajiye shi dab da ƙafar Inna.

Matan suka fara shigowa, kowacce ta tuɓe takalmi a bakin rumfa. Na ce don Allah yau dai su bar takalmansu a ƙafa. Suka dube ni, suka dubi juna, suka fashe da dariya.

"'Yar boko, mi kika hwaɗi?" in ji tsohuwar da ke bugun ƙwaryar ruwa. "Mu hau tabarma da takalmi gaban Inna? Can makarantarku haka aka yi?"

Na matsa kusa da Inna na durƙusa. Ta ci ado, ta sa zanen saƙi da ta daɗe tana ajiya, ta yi lalle har wuyan hannu. Na ce mata a hankali kada ta taɓa abin nan da hannu, kada ta kai bakinta jikinsa, ta tsaya nesa da shi kamar taki ɗaya.

"Shina cizo?" ta tambaye ni, tana murmushi.

"A'a, Inna. Murya dai ta ka ɓaci."

Na kasa ce mata wuta. Na san idan na faɗi kalmar matan nan za su watse, Yaya kuma ba zai yafe mini ba. Ta shafa kaina ta ce in kwantar da hankalina, ta yi waƙa gaban abin da ya fi ƙarfe ban tsoro.

Yaya ya riga ya gaya mini ba zai tsaya tsakanin waƙa da waƙa ba. Kwamfutar tana da nawa, idan ya ce sai ya adana kowace waƙa kafin a shiga ta gaba, jinin matan zai huce. Zai bar ta tana ɗauka, sai an gama duka ya adana gaba ɗaya. Bayan sallar azahar na leƙa ta kan katanga na ce mun shirya, ya ce bisimilla.

Mutane sun ce ranar Inna ta yi waƙar da ba ta taɓa yin irinta ba. Ni ban ji ba. Idona yana kan bakinta da ragar ƙarfen nan. Ta fara daga nesa kamar yadda na ce, amma zabiya ba ta waƙa a tsaye cak. Kiɗa yana zafi tana matsowa, tana sunkuyawa, har na ga leɓenta ya goga ragar. Na rufe ido ina jiran ƙara. Ba ta yi ba, ta ci gaba. Duk bugun da tsohuwar nan ta yi sai ruwa ya fallatso daga daro ya sauka a tabarma, tabarmar ta yi baƙi da jiƙa, jiƙar tana tafiya a hankali zuwa ƙafar Inna. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Ta yi wa masu surfen shinkafa waƙa, ta yi wa matan masunta, ta yi wa amare. Inuwar rumfa ta fara karkata. Na ce a raina saura kaɗan, Allah ka fitar da mu. Sai ta ɗaga hannu kiɗa ya sauya, ya yi sanyi, ta ambaci mahaifiyarmu. Waƙar da ta yi mata ce bayan rasuwarta, wadda ba ta yi a gidan biki, sau ɗaya na taɓa jin ta ina ƙarama. Na san saboda wannan waƙar Yaya ya sayi duk abin da ya saya.

A tsakiyarta Inna ta miƙa hannu ta fizge makirufon daga jikin taɓarya. Robar da na naɗa ta warware ta zube ƙasa. Ƙwaryar ruwa ta karkace, Inna ta sunkuya ta tsoma ɗaya hannun a daro ta gyara ta, ta miƙe, ta mayar da makirufon cikin jiƙaƙƙen hannun. Ƙafarta tsirara a cikin ruwa, tsuran ƙarfe a tafinta. Ta ƙofar ɗakin Baba na hango ƙwan lantarki ya yi wani fari fat, irin hasken da yake yi idan wuta ta ƙaru. Muryar Inna ta tashi sama da wani irin kaifi, kafaɗarta ta ɗaga, matan suka rangaɗa guɗa.

Ban san lokacin da na tsallake turmi ba. Na faɗa ɗakin Baba na kama wayar da hannu biyu na fizge ta daga bango.

Babu abin da ya faru a rumfa. Ba lasifika a wurinsu, ba su san an kashe komai ba. Kiɗa ya ci gaba, Inna ta sauke kafaɗa, ta ja numfashi, ta ɗora daga inda take. Daga zaure na ji kujera ta faɗi, na ji Yaya yana kirana, ya zo har bakin ƙofar shiga gida ya tsaya, don ba shi da ikon wucewa. Ya kira, ya kira, kiɗa ya danne muryarsa. Ni kuma ina tsaye a ɗakin Baba da fulogi a hannu. A nan na saurari sauran waƙar har ƙarshe, na yi kuka sosai, don ita kaɗai ce na ji da kunnena a duk yinin.

Da na mayar da fulogin bayan matan sun tashi, kwamfutar ta ƙi tashi. Ta nuna baƙin allo da wasu 'yan rubuce-rubuce ta tsaya. Aka kira la'asar. Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya shiga mota, sai da muka kusa Birnin Kebbi ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Kin san waƙar wa ta."

Na ce na sani.

Mai gyara ya tayar da kwamfutar bayan kwanaki, babu ko tari ɗaya na Inna a ciki. Kafin nan Inna ta shiga sansanin alhazai. Yaya ya gaya mata inji ne ya lalace, bai ambace ni ba, ta ce Allah bai nufa ba. Ta dawo daga Makka ta raba ƙorenta ga 'yan amshinta, ba ta ƙara buɗe baki da waƙa ba, ko a wurin daka.

Ni da Yaya mun shirya, jini ba ya barin mutum ya yi fushi har abada. Ya sa an gyara fulogin, ya yi shekaru yana aiki da mikisar, ba ta kashe kowa ba. Wannan shi ya fi damuna. Duk lokacin da na ga yaransa suna taɓa ta suna wasa sai in tambayi kaina ko tsorona ne kawai ya cinye mana muryar Inna da waƙar uwarmu. Na kan ce da za a sake, haka zan sake yi, amma ban taɓa faɗin haka da cikakkiyar murya ba.

Inna ta tsufa sosai, har idonta ya raunana. Wata rana na je Argungu gaishe ta, ina zaune a ƙarƙashin rumfar nan ina shafa mata man kaɗe a ƙafa, hira ta kai mu ga ranar. Na tambaye ta, kamar da wasa, ko abin nan ya taɓa jan ta.

"Awo, ya ja ni mana," in ji ta. "Tun waƙar hwarko shi ka tsikarata ga leɓe. Na ce yaron ga ya kashe kuɗinai, ba ni ɓata mai aiki."

Na daina shafawar.

"Amma da nik kama shi ga hannu, nan na ga abu. Yatsuna sunka ƙi buɗewa. Ina son in yar da shi, na kasa, ƙirjina kamar an ɗaure da igiya. Ni ihu nika yi, su kau suna guɗa. Har na hwara kalmar shahada cikin raina, sai nij ji ya sake ni da kainai. Na ce to, ya gyara injin nai daga zaure. Yaron kirki, Allah shi yi mai albarka."

Na ce amin. Na ci gaba da shafa mata man, hannuna yana rawa a kan ƙafarta, har ta tambaye ni ko zazzaɓi nake ji.